Fuska ta yi duhu, shadda ta ƙone: wace manhajar HDR ce za ta iya da ranar Dutse?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a Dutse da tsakar rana ya san wannan takaicin. Abokinka ya ci wanka, farar shadda sabuwa dal, hula ta zauna, ga duwatsu a bayansa, ga bishiyoyin dabino. A idonka komai ya yi. Ka latsa, ka duba waya, sai ka tarar da ɗaya cikin biyu. Ko dai fuskarsa ta fito amma shaddar ta koma fari fat kamar takarda, aikin wuyan da ya biya tela kuɗi mai yawa ya ɓace, sama ma ta wanke. Ko kuma shadda da sama sun fito tsaf, shi kuma ya koma inuwa, sai haƙora kake gani. Daga nan sai a hau zargin waya: "Kai, wannan wayar taka ai sai a hankali."

Gaskiyar magana ba wayar kaɗai ba ce. Ko kyamarar miliyoyin naira ka kawo filin Aminu Kano Triangle da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, sai ta ji jiki. Idonka yana da wayo, in ka kalli inuwa ya buɗe, in ka kalli sama ya tsuke, ƙwaƙwalwa ta haɗa maka su ta ce ga abin da ka gani. Kyamara kuwa sau ɗaya take ƙifta ido, kuma a wannan ƙiftawar dole ta zaɓi wanda za ta yi wa adalci, fuska ko shadda.

Masu hoto suna auna haske mataki-mataki, kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasansa. Mataki 10 ke nan ninki 1,024. Tsakanin cikin zaure da ƙofar zaure da hantsi ana iya samun irin wannan tazarar, har ma fiye. To abin da haruffan nan uku na HDR ke nufi ke nan a Turance: faffaɗar tazara tsakanin wuri mafi duhu da wuri mafi haske, da dabarar shigar da ita cikin hoto guda.

Mu kuma ƙasarmu kamar an ƙirƙire ta ne don ta wahalar da kyamara. Dutse tana ƙasa kaɗan da digiri 12 a arewacin layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa a ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta rana ke tsayawa cak a tsakar ka. Inuwar hula ko rawani sai ta sauka a kan idanu. Ga farin yashi yana mayar da haske, ga fararen kaya da muke so ranar Juma'a da Sallah, ga fatarmu mai duhu. In hunturu ya zo kuma hazo ya mayar da sama fara sol, ba shuɗi ba gajimare.

Saboda haka tambayar da abokai suka fi yi min a makaranta, tunda sun san muna kwas ɗin ɗaukar hoto a sashen aikin jarida, ita ce: wace manhaja zan sauke? Akwai amsa, amma sai mun fara da wata magana mai ɗaci.

Abin da ya ƙone ya ƙone

Hoton da wayarka ke ajiyewa, wanda ake kira JPEG, matakan haske 256 kacal yake da su a kowane launi, daga 0 zuwa 255. Duk wurin da ya kai 255 ya zama fari, shi ke nan, babu zare babu zane a cikinsa. Ko wace manhaja ka kawo, in ka rage hasken wurin, toka-toka kawai za ta ba ka, ba za ta dawo da aikin wuyan rigar ba, don tun farko bai shiga ba. Inuwa kuwa sau da yawa akwai kaya a ɓoye a cikinta, ana iya tono su.

Don haka rabin aikin HDR tun kafin ka latsa yake. Ka taɓa shaddar a sikirin, ka ja 'yar alamar ranar nan ƙasa har sai ka ga zanen yadin ya bayyana, sannan ka ɗauka. Hoton zai yi maka duhu, kada ka damu, a nan ne manhaja ke da abin yi. In kuma wayarka tana iya ajiye ɗanyen hoto, wato RAW, wanda a wayoyin Android yawanci yake zuwa da sunan DNG, to ka samu gona. A kyamarori irin wannan hoton kan riƙe matakai 4,096, wasu har 16,384. Sai dai yana cin wuri, guda ɗaya kan kai megabait 20 zuwa 30. Mai waya mai gigabait 64 da ta riga ta cika da bidiyon TikTok, sai ya yi lissafi.

Ita dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1850 wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su a takarda ɗaya, saboda kayan aikin zamaninsa ba sa iya riƙe su tare. A 1997 wasu masana biyu a jami'ar Berkeley ta Amurka, Paul Debevec da Jitendra Malik, suka fitar da hanyar da kwamfuta za ta haɗa hotuna da yawa masu haske daban-daban. Photoshop ya sako ta a 2005, sannan a 2010 ta shigo iPhone 4. Yau har wayar da ba ta kai naira dubu ɗari ba za ka ga an rubuta mata HDR a saman kyamara.

Matsalar ita ce abu uku ake kira da wannan sunan, kuma masu manhajoji suna jin daɗin ruɗanin. Na asali shi ne ɗaukar hoto biyu ko uku na wuri ɗaya, ɗaya mai duhu, ɗaya daidai, ɗaya mai haske, a haɗe su. Akwai kuma filta kawai, wadda ake shafa wa hoto ɗaya ya yi ƙarau-ƙarau kamar zanen bayan tirela. Galibin manhajojin da za ka gani in ka rubuta HDR a Play Store wannan suke sayarwa, da talla a kowane latsi. Na ukun sabo ne, ya shafi hasken sikirin, zan zo kansa.

In waya ce duk jarinka

Ni dai a ganina, wanda waya ce kaɗai kayan aikinsa ya fara da Snapseed. Ta Google ce tun 2012 da suka sayi kamfanin da ya ƙirƙire ta, kyauta ce, ba talla, kuma tana aiki ko da ba ka da data. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Tana buɗe DNG ma.

Amma abin mamaki, maɓallin da aka rubuta wa HDR Scape a cikinta shi ne wanda zan ce ka yi hattara da shi. A kan duwatsu da gajimaren damina yana da kyau in an sassauta shi. A kan mutum kuwa yana fito da kowane ƙurji da kowane gumi, ya sa ɗan shekara 22 ya koma kamar ya kwana yana haƙar rijiya. Abin da ya fi shi ne ka shiga Tune Image, ka rage Highlights, ka ɗaga Shadows a hankali, sannan ka ɗauki Selective ka ɗora ɗigo a kan fuska ka ƙara mata haske ita kaɗai. Minti biyu ya ishe ka, kuma ba wanda zai gane an taɓa hoton.

Lightroom na waya ya fi ta iko a kan launi, wannan ba musu. Yana da jadawalin nan mai kama da tsaunuka da ke nuna maka inda hoto ya ƙone, kuma kyamarar da ke cikinsa tana ɗaukar DNG a wayoyin da suka yarda. Sai dai dole ka yi rijista, kuma abin da ka fi bukata a matsalarmu, wato ware fuska ko sama ka gyara ta daban, yana cikin ɓangaren biya. Haka kuma ba ya haɗa maka hotuna uku da ka ɗauka a waje, wannan aikin na kwamfuta ne.

Akwai wata da 'yan kaɗan suka sani, Open Camera. Ba ta gyaran hoto ba ce, ta ɗauka ce, kyauta, ba talla, 'yar ƙarama. Tana iya ɗaukar maka hotuna a jere masu haske daban-daban ta ajiye su, ko ta haɗa su da kanta. Ba kowace waya ce ke buɗe mata ƙofa gaba ɗaya ba, musamman wajen ɗanyen hoto, amma gwadawa ba ta cin ko sisi. Kwalliya kam ba ta da ita, kamar ofishin gwamnati take, aiki kawai.

Remini da ire-irenta kuma a cire su daga wannan lissafin. Ba tono abin da ke cikin hoto suke yi ba, ƙirƙirarriyar basira ce ke hasashen yadda ido da hanci ya kamata su kasance, ta zana su. Sannan sai an tura hoton zuwa kwamfutocin kamfanin ta intanet kafin a dawo maka da shi. Ke 'yar uwa, kafin ki tura hoton ranar lalle, naki ko na ƙawarki da ba ta sani ba, ki tuna cewa ya bar wayarki.

Baƙar fata ba inuwa ba ce

A nan ne nake so mu daɗe kaɗan, don a nan ne manhajoji da yawa suke faɗuwa, kuma masu bitar manhaja a YouTube ba su cika damuwa da shi ba, tunda ba fatarsu ba ce.

Aikin HDR shi ne ya nemo wuri mai duhu ya ɗaga shi. To in manhaja ba ta da hankali, da ta ga fuskar Bahaushe sai ta ɗauka inuwa ce da ke neman ceto. Sai ta ɗaga ta, ta ɗaga ta, har mutum ya koma toka-toka kamar ya yi wanka a hunturu bai shafa mai ba. Wata kuma ta mayar da shi ruwan lemo. Wankan tarwaɗa ya koma ja, baƙi mai sheƙi ya koma fari-fari mara jini. Ka duba hotunan biki da ake ɗorawa a Facebook da Instagram, za ka ga amarya fuska launi daban, hannu launi daban.

Wannan matsala ta girmi wayar salula. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi ake saita launin injin. In fatar Baturiyar ta fito daidai, an gama, sauran mutane kowa ya yi ta kansa. Sai a 2021 Google ya fito da abin da ya kira Real Tone a wayar Pixel 6, yana mai amincewa cewa kyamarori ba sa yi wa masu duhun fata adalci. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya riga su gane kasuwar, ya daɗe yana saita kyamarorinsa don fatar 'yan Afirka, kuma yana cikin dalilan da suka sa kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a nahiyar nasa ne. Sai dai su ma ka leƙa saitin gyaran fuska, sau da yawa a kunne yake zuwa, yana goge fuska ta koma sumul kamar roba.

Amma fa kada mu ɗora wa na'ura komai. Sau nawa ka ji an ce wa mai hoto, "Don Allah ka ɗan ƙara min haske"? Ba hasken hoto ake nufi ba, mun sani. Bilicin ne ba tare da mai ba. Wata 'yar ajinmu ta ba mu labarin hotunan bikin yayarta da aka kai wa kakarsu a ƙauye, tsohuwar ta juya hoton ta sake juyawa, ta ce kishiya aka yi mata tun ranar farko? An yi dariya, amma kuɗin albam ɗin an riga an biya, kuma biki ba a maimaita shi.

Ma'aunina mai sauƙi ne. Bayan ka gama gyara, ka kalli bayan hannun mutumin a hoton ka kalli fuskarsa. In ba su yi kama da na mutum ɗaya ba, ka wuce gona da iri. Kuma ka bar inuwa ta zama inuwa. Hoton da babu baƙi ko kaɗan a cikinsa lami yake, kamar miya ba gishiri.

Doki ba ya jiran hoto uku

Abin da kake ɗauka ma yana zaɓar maka manhaja. Ranar hawan Sallah, in Mai Martaba Sarkin Dutse Hameem Nuhu Sanusi ya fito daga Garu, ka ga dogarai, ka ga 'yan lifidi, ga alkyabba tana ƙyalli, ga ƙura rana ta ratsa ta, babu wurin da ya fi nan bukatar HDR. Amma nan ne kuma haɗa hotuna uku ba ya aiki. Kafin waya ta ɗauki na biyu doki ya ɗaga ƙafa, kafin na uku mahayi ya juya. Sai ka samu doki mai ƙafa shida, ko mashi biyu a hannu ɗaya, abin da masu hoto ke kira fatalwa. Manyan wayoyi suna ɗaukar hotunan cikin ƙiftawar ido su tace, ƙanana kuwa suna jan lokaci. In taka tana ɗan daskarewa bayan ka latsa, kashe HDR ranar hawa. Ka ɗauki hoto ɗaya mai ɗan duhu, ka gyara a Snapseed ko Lightroom da daddare.

Inda haɗa hotuna ke cin kasuwarsa shi ne abin da ba ya motsi. Duwatsun da suka ba garin nan sunansa da la'asar sakaliya. Gonakin dabino in iska ta kwanta. Cikin soro mai zanen bango, ƙofa a buɗe. Ko ka gangara Birnin Kudu, wajen Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda zanen shanun mutanen da yake a ƙarƙashin dutse cikin inuwa, waje kuma rana tana dukan komai. A irin wannan wurin hoto ɗaya ba zai taɓa ba ka zanen da sararin waje tare ba. Ba ka da sandar kafa kyamara? Jingina wayar a kan dutse, ka sa mata ƙidayar daƙiƙa uku don kada hannunka ya girgiza ta. Kuma don Allah kada ka watsa wa zanen ruwa wai don ya fito, kayan tarihi ne.

Bayan ka haɗa, ka zuƙo gefen dutsen inda ya haɗu da sama. In ka ga wani farin zobe ya bi gefen kamar an zagaye shi da alli, manhajar ta yi ƙarfi da yawa, sassauta.

In kana da laftof, kuma kana neman kuɗi da hoto

Wanda ya fara karɓar aikin biki, suna, ko bikin kammala karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, lissafinsa daban ne, don shi hoto ɗari uku zai gyara a dare ɗaya. A nan Lightroom Classic ne sarki, tun 2015 yake haɗa hotunan HDR da latsi biyu, kuma gyaran da ka yi wa hoto ɗaya za ka iya shafa wa sauran. Amma haya ake ba ka shi, ba sayarwa ba, kuma farashinsa da dala yake tafiya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ga kuma wahalar biya: bankuna da dama sun rufe sayayyar ƙasashen waje da katin naira tun wajen 2022, sai a 2025 wasu suka buɗe. Sannan shi kansa Adobe ya ce a ƙalla ram gigabait 8, ya fi son 16. Laftof na hannu mai gigabait 4 da aka sayo a Kano zai buɗe shi, amma kafin ya haɗa hoto uku ka sha shayi ka dawo, in ma NEPA ba ta ɗauke ba.

Shawarata, kada ka shiga biyan wata-wata sai in aiki ɗaya da kake samu a wata zai biya shi ya bar maka canji.

Kafin nan akwai hanyoyi. Affinity, wadda a da ake saye, Canva ya sayi kamfaninta a 2024, kuma daga ƙarshen Oktoban 2025 ya mayar da ita kyauta a Windows da Mac, rijistar Canva kawai ake bukata. Tana haɗa HDR, tana daidaita hotunan in hannunka ya ɗan motsa, tana cire fatalwa. Ga ɗalibi, ni a wurina ita ce ta farko yanzu. Akwai darktable, kyauta ce tun asali, tana da ƙarfi sosai a kan ɗanyen hoto, amma ranar farko za ka ji kamar an ajiye ka a gaban matuƙin jirgin sama, kuma wajen haɗa hotuna ba ta daidaita su, sai an kafa kyamara. Photomatix tsohon hannu ne a wannan fagen, sau ɗaya ake biya, kuma ana iya gwada shi kyauta sai dai zai buga maka tambarinsa a hoto. In ka ci karo da tsohon bidiyo yana yabon Aurora HDR, wuce, kamfanin ya daina sayar da ita.

Na san abin da wani yake cewa a ransa yanzu: "Duk wannan dogon Turanci na mene ne, ai akwai wanda aka fasa." E, akwai. Ana tura shi a guruf-guruf na WhatsApp da Telegram, Lightroom an buɗe komai, kyauta. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya zauna ya fasa manhaja ya raba wa duniya, me ya ci? A Satumban 2024 kamfanin tsaron intanet na Kaspersky ya ba da rahoton wata muguwar manhaja mai suna Necro da aka samu a ɓoye cikin fasassun Spotify da WhatsApp, har ma da wata manhajar hoto da ke Play Store kanta, wadda aka sauke fiye da sau miliyan 10. Sunanta Wuta Camera, kamar Bahaushe ne ya raɗa mata. To in ta Play Store ta iya zama haka, ina ga wadda wani da ba ka sani ba ya turo a guruf? A wayar nan fa manhajar bankinka take, nan lambar sirri ke shigowa, nan hotunan gidanku suke. Duk manhajar gyaran hoto da ta nemi izinin karanta saƙonninka ko lambobin mutanenka, tambayi kanka me ya haɗa kifi da kaska.

Ga masu son aikin jarida

Mu da muke karanta wannan fannin akwai ƙarin nauyi a kanmu, haka duk mai shafin da ke ɗora labaran gari. A 2013 hoton da ya ci babbar gasar World Press Photo, na Paul Hansen ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya nuna ana ɗauke da gawarwakin yara biyu a wani lungu a Gaza, ya jawo ce-ce-ku-ce saboda yadda haske ya zauna a fuskokin mutanen. Aka zarge shi da haɗa hotuna. Masana suka bincika ɗanyen hoton suka tabbatar ba a sauya komai a cikinsa ba, haske ne aka gyara wuri-wuri. Ya tsira, amma sai da aka yi ta muhawara a kan inda gyara ya kamata ya tsaya. A 2015 gasar ta kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an taɓa su fiye da kima. A shekarar ne kuma Reuters ya ce wa masu aiko masa hoto su riƙa turo JPEG da kyamara ta fitar, da ɗan gyara kaɗan.

Ka tuna ambaliyar 2022 da ta ci gidaje da gonaki a Jigawa. Irin wannan hoton in ka shafa masa filta, sama ta yi baƙi ƙirin kamar fim, ruwa ya yi ƙyalli, za ka samu laik. Amma da zarar mutum ɗaya ya ce "wannan editin ne", shi ke nan, har gaskiyar da ke cikin hoton ta tafi, kuma waɗanda gidansu ya rushe su ne suka yi asara. A hoton labari, ka rage haske, ka ɗaga inuwa daidai yadda idonka ya gani a wurin, ka tsaya. Kuma ka ajiye na asalin, ranar da za a tambaye ka tana zuwa.

Saura HDR na uku da na yi alkawari. Ka taɓa bin Instagram da daddare wani hoto ya haske maka ido kamar an kunna fitila? Shi ne. Manyan wayoyi yanzu sikirin ɗinsu yana iya yin haske sosai a wuri ɗaya kawai, rana ta yi ƙyalli kamar ta gaske. Android 14 ya zo da tsarin Ultra HDR a Oktoban 2023, wanda ke ɓoye bayanin ƙarin haske a cikin JPEG, Lightroom ma ya sako maɓallin HDR a watan. Abin sha'awa ne. Sai dai ka tambayi kanka su wa ke kallon hotunanka. In yawancinsu a Kiyawa da Jahun da Takur suke da wayoyi irin namu, ba za su ga wannan ƙyallin ba, hoton da ke ƙasa za su gani. In ka gyara a babbar waya, tura wa ƙaninka mai itel ka duba a tasa kafin ka ɗora. Haka in za a wanke hoton a sa a firem, takarda ba ta da fitila.

Kada ka ɗauki maganata a matsayin hukunci, gwaji ya fi. Ka ɗauki hoto uku ka ajiye su a matsayin jarrabawa: mutum da farin kaya da tsakar rana, ƙofar zaure daga ciki, da dutse a gaban sama da yamma. Duk manhajar da aka yaba maka, ka kashe data ka ba ta su. Ta buɗe ba intanet? Zanen yadin ya fito? Fuska tana nan da launinta? Gefen dutse ba farin zobe? Wayar ba ta ɗau zafi kamar dutsen guga ba? Sannan ka duba girman hoton da ta fitar, don wasu na kyauta suna rage shi sai ka biya.

In ka gama duk wannan wahalar kuma, kada ka tura hoton a WhatsApp yadda aka saba, zai matse shi, sama mai laushi ta koma layi-layi. Ka latsa HD, wanda suka sako tun Agustan 2023, ko in mai wanke hoto za a kai wa, ka tura shi a matsayin fayil ta wajen Document.